Zargi, da'awa da hujja: Kalmomin Turancin da ake kafa magana da rushe ta da su

Ranar 5 ga watan Fabrairun 2003, sakataren harkokin wajen Amurka na wancan lokaci, Colin Powell, ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, domin ya gamsar da duniya cewa Iraƙi na ɓoye da makaman ƙare dangi.

A cikin jawabin nasa, Mista Powell ya tsaya ya bambance wasu kalmomi biyu na Turanci. Ya ce abin da yake gabatarwa ba "assertions" ba ne, wato maganganun fatar baki da ba su da shaida, "facts" ne, wato tabbatattun abubuwa da aka samo daga ingantattun majiyoyin leƙen asiri.

Makonni shida bayan haka, dakarun Amurka da na Birtaniya suka afka wa Iraƙi. A shekarar 2004, tawagar masu bincike da Amurka ta jagoranta ta ba da rahoton cewa ba ta samu tarin makaman ba. A 2005 kuma Mista Powell ya amince cewa jawabin ya zama tabo a tarihin aikinsa.

Harshen Turanci na da kalmomi masu yawa irin waɗannan, waɗanda kowace ke nuna nauyin da magana take da shi, da kuma ko mai ba da labarin ya yarda da ita ko bai yarda ba.

A ƙasashe irin su Nijeriya da Ghana, inda Turanci ne harshen hukuma, da waɗannan kalmomi ake rubuta hukuncin manyan kotuna, da rahotannin kwamitocin bincike, da kanun labaran jaridu, da kundin digiri. Sau da yawa idan aka juya su zuwa Hausa cikin gaggawa, sai dukkansu su koma "ya ce", bambancin da ke tsakaninsu ya salwanta.

Kafa da'awa

Kalmar da ta fi kowace sauƙi ita ce "say", wato ya ce. Ba ta ɗaukar ɓangare, shi ya sa gidajen jaridu suka fi son ta. 'Yar uwarta "state" na nufin an faɗi maganar a fili, galibi a hukumance.

To amma da zarar an yi amfani da "claim", lamarin ya sauya. Wannan ita ce da'awa ko iƙirari. Idan jarida ta rubuta cewa wani jami'i "claimed" an biya ma'aikata albashi, tana shaida wa mai karatu ne a kaikaice cewa ita ba ta tabbatar ba, ƙila ma tana da shakku.

Ita kuwa "allege" zargi ce, kuma an fi amfani da ita a kan laifin da ba a riga an tabbatar ba. Tana da alaƙa da sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya tanadi cewa duk wanda aka tuhuma da laifi ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa.

Saboda haka ne Turanci ke sauya wa mutum suna a kowane mataki. Wanda 'yan sanda ke zargi "suspect" ne. Idan aka gurfanar da shi gaban kotu ya zama "accused" ko "defendant". Ba a kiransa "convict" sai alƙali ya same shi da laifi.

Sai dai lauyoyi na gargaɗin cewa kalmar "allegedly" ba laya ba ce. A tsarin shari'ar Ingila, wanda Nijeriya da Ghana suka gada, wanda ya maimaita ƙazafi ana iya kama shi kamar wanda ya ƙirƙira, ko da ya ce shi ma ji ya yi.

Akwai kuma kalmomin da ke nuna ƙarfin murya kaɗai. "Assert" na nufin ya faɗa da ƙarfin gwiwa, "insist" ya dage, "maintain" kuma yana nan a kan bakansa duk da sukar da ake yi masa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin an kawo shaida.

Ɗalibai da dama kan ɗauki "argue" a matsayin cacar baki. A rubutun ilimi da na shari'a kuwa, ma'anarta ita ce mutum ya kafa ra'ayi ya jero dalilansa. "Suggest" ta fi ta taushi: alamu sun nuna, amma ba a yanke ba.

Kalmomin da suka fi haɗari su ne waɗanda ke ɗauke da hukunci a cikinsu, irin su "reveal", ya bankaɗo, da "confirm", ya tabbatar, da "admit", ya amsa, da "learn", ya gano. Ba a bankaɗo abin da babu shi, saboda haka duk wanda ya yi amfani da su ya riga ya sa hannu cewa maganar gaskiya ce.

Wannan ya taɓa shafar Jamhuriyar Nijar kai tsaye. A jawabinsa ga majalisar dokoki ranar 28 ga Janairun 2003, shugaba George W. Bush ya ce gwamnatin Birtaniya "has learned", wato ta gano, cewa Saddam Husaini ya nemi sayen ma'adinin uranium mai yawa daga Afirka. Ƙasar da ake nufi ita ce Nijar, mai mahaƙar uranium a yankin Arlit.

A watan Maris na shekarar, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Muhammad el-Baradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka ce na cinikin ne na jabu ne. A watan Yuli, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, George Tenet, ya ce bai kamata a bar waɗannan kalmomi cikin jawabin ba.

Birtaniya dai ta dage cewa tana da wasu bayanan na daban, kuma kwamitin Lord Butler ya ce a 2004 maganar na da tushe. Su kuwa masu binciken da suka shiga Iraƙi sun ce ba su ga shaidar cewa ƙasar ta nemi uranium daga waje ba tun bayan 1991. Da Mista Bush ya ce Birtaniya ta yi iƙirari, da mai sauraro ya san akwai sauran magana.

Tsayar da hujja

Bayan da'awa sai abin da za a tallafa mata da shi. A nan ma akwai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, "evidence" da "proof".

"Evidence" ita ce shaida, duk wani abu da ke karkata hankali zuwa ga wani ɓangare, mai ƙarfi ne ko mai rauni. "Proof" kuwa ita ce shaidar da ta kai matsayin yanke magana. Mutum na iya tara shaidu buhu guda, amma su kasa zama hujja yankakkiya.

Shaidar ma iri-iri ce. "Hearsay" ita ce ta wanda bai gani da idonsa ba, ya ji ne daga wani. "Circumstantial" ita ce wadda alamu ke nunawa, kamar sawun ƙafa a ƙofar rumbu. "Anecdotal" kuma labarin mutum ɗaya ko biyu ne da ake son a yi wa jama'a duka hukunci da shi.

Idan aka ce a yi "substantiate", ana nufin a kawo abin da zai ba maganar gindin zama. "Corroborate" ta fi haka takamaimai: wata majiya ta daban, wadda ba ta da alaƙa da ta farko, ta faɗi abu iri ɗaya.

Rashin wannan ne ya raunana wani ɓangare na jawabin Mista Powell. Maganar motocin da aka ce ana harhaɗa makamai masu yaɗa cuta a cikinsu ta dogara ne sosai a kan wani ɗan Iraƙi da ya nemi mafaka a Jamus, wanda jami'an leƙen asiri suka laƙaba wa suna Curveball. A 2011 mutumin ya shaida wa jaridar Guardian cewa ƙirƙirar labarin ya yi.

A 1958, wani masanin falsafa ɗan Birtaniya, Stephen Toulmin, ya wallafa littafi mai suna The Uses of Argument, inda ya kasa hujja zuwa gaɓoɓi shida. Har yanzu ana koyar da tsarin nasa a jami'o'i.

A ɗauki misalin wanda ya ce farashin masara zai tashi bana. Wannan ce da'awar, "claim". Da aka tambaye shi dalili, ya ce ruwa ya ɗauke da wuri. Wannan ne abin dogaro, "data" ko "grounds". Gadar da ta haɗa su, "warrant", ita ce cewa ƙarancin ruwa na rage amfanin gona, ƙarancin kaya kuma na tayar da farashi.

Idan aka ja da gadar, sai ya kawo "backing", wato abin da aka gani a shekarun fari na baya. Idan mai hankali ne zai sa "qualifier", ya ce mai yiwuwa. Kana ya ambaci "rebuttal", wato abin da zai iya rushe maganar tasa, kamar a ce hukuma ta buɗe rumbunanta ko an shigo da hatsi daga waje.

Mafi yawan gardamar da ba ta ƙarewa, a kan gadar take, domin mutane kan yarda da abin da ya faru amma su saɓa a kan abin da yake nufi.

Wa ke da nauyin kawo hujja?

Turawa na kiran wannan "burden of proof". Sashe na 131 na dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ɗora nauyin a kan wanda ke son kotu ta yi hukunci bisa abin da ya ce ya faru. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san fiƙihu, inda aka ɗora wa mai da'awa kawo shaida, wanda ya musa kuma aka ɗora masa rantsuwa.

Sai kuma ma'aunin shaidar. A shari'ar da ba ta laifi ba, kamar rikicin fili ko bashi, ma'aunin shi ne "balance of probabilities", wato wanda shaidarsa ta rinjaya ko da kaɗan ne. A shari'ar laifi kuwa sai an kai "beyond reasonable doubt", wato matsayin da mai hankali ba zai ci gaba da shakka ba.

Shari'ar tsohon ɗan wasan Amurka, O.J. Simpson, ta nuna yadda ma'aunan biyu ke aiki. A 1995 kotun manyan laifuka ta sallame shi daga tuhumar kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta. A 1997 iyalan mamatan suka yi nasara a kansa a ƙarar neman diyya, aka ce ya biya dala miliyan 33 da rabi.

Wannan na daga cikin abin da ke sa ƙarar zaɓe ke da wuya a Nijeriya. Sashe na 135 na dokar shaida ya ce idan zargin aikata laifi ya shigo cikin kowace irin shari'a, to sai an tabbatar da shi da ma'auni mafi tsauri. Ɗan takarar da ya ce an yi amfani da takardun jabu ko an sayi ƙuri'a, wannan dutsen zai hau.

Ma'aunin tabbas

Akwai wasu ƙananan kalmomi da ido kan tsallake, irin su "may" da "could" da "possibly" da "likely", amma su ne ke nuna yawan tabbacin da mai magana ke da shi.

A 1951, masu nazarin leƙen asirin Amurka sun rubuta cewa kai wa Yugoslabiya hari daga ɓangaren Tarayyar Sobiyat "serious possibility" ne, wato abu ne da ke iya faruwa da gaske. Ɗaya daga cikinsu, Sherman Kent, ya bi abokan aikinsa yana tambayar abin da kowa ke nufi. Wani ya ce kashi 20 cikin 100, wani ya ce kashi 80. Duk sun sa hannu a kan jimla ɗaya, amma kowa da abin da ke ransa.

Domin kauce wa irin wannan, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗaura wa kowace kalma adadi. A wurinsa "likely" na nufin fiye da kashi 66 cikin 100, "very likely" fiye da kashi 90, "extremely likely" fiye da kashi 95, "virtually certain" kuma fiye da kashi 99.

Wanda ya san wannan zai iya bin tarihin binciken daga kalmomin kaɗai. A 2001 kwamitin ya ce "likely" ne ayyukan ɗan Adam suka haddasa mafi yawan ɗumamar duniya ta shekarun baya-bayan nan. A 2007 ya koma "very likely", a 2013 "extremely likely". A 2021 ya yi amfani da "unequivocal", wato babu sauran tababa cewa ɗan Adam ya ɗumama sararin sama da teku da ƙasa.

Kalmar "plausible", wato abin da hankali zai iya ɗauka, ita ma ta jawo taƙaddama. Ranar 26 ga Janairun 2024, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta ba da umarnin wucin gadi a ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a kan Gaza. Kafofin yaɗa labarai da dama suka ruwaito cewa kotun ta ce zargin kisan ƙare dangi "plausible" ne.

A watan Afrilun shekarar, Joan Donoghue, wadda ita ce shugabar kotun lokacin da aka ba da umarnin, ta yi bayanin cewa abin da kotun ta kira "plausible" shi ne haƙƙin Falasɗinawa na a kare su daga kisan ƙare dangi, da haƙƙin Afirka ta Kudu na kai ƙarar, kuma akwai haɗarin yi wa wannan haƙƙi illar da ba ta gyaruwa. A wannan mataki kotun ba ta shiga gundarin zargin ba.

Ƙalubalantar magana

A nan ne aka fi samun kuskure, har a tsakanin Turawan kansu. "Deny" na nufin ya musanta. "Reject" ya yi watsi. "Dispute" ya ja da maganar. Duk waɗannan ana iya yinsu da baki kawai.

"Rebut" na nufin ya mayar da martani da dalilai, ko sun gamsar ko ba su gamsar ba. "Refute" kuwa, a asalin ma'anarta, ita ce ya ƙaryata da hujja har maganar ta faɗi. 'Yan siyasa da kakakinsu na son su ce sun yi "refute" alhali musantawa kawai suka yi, kuma littattafan ƙa'idojin rubutu na manyan jaridun Turanci sun daɗe suna jan kunnen ma'aikatansu a kan haka.

Akwai kuma "concede", wato mutum ya sallama wa abokin muhawararsa a wani ɓangare kafin ya ja a wani. Kalmomi irin su "although" da "however" da "nevertheless" su ne alamar wannan kwana. Galibi ainihin ra'ayin marubuci na zuwa ne bayan "however", daidai da yadda Bahaushe ke sauraron abin da zai biyo bayan "amma".

Malaman Musulunci sun daɗe da tsara wannan fage a ilimin da ake kira adabul bahsi wal munazara, wanda Shamsuddin al-Samarƙandi ya yi fice wajen daidaita shi tun wajen ƙarni na 13. Sun ba mai ƙalubale hanyoyi uku: ya nemi dalili a kan wani ginshiƙi na hujjar, ko ya nuna cewa hujjar baki ɗaya ta warware, ko ya kawo tasa hujjar da ke kai wa ga akasin da'awar. Kalmomin "question" da "invalidate" da "counter" sun yi kusa da waɗannan matakai.

Turanci na kuma da sunayen hanyoyin da ba su halatta ba. "Ad hominem", wadda aka aro daga Latin, ita ce a bar magana a koma kan mai maganar. "Straw man", wato mutum-mutumin kara, shi ne a jingina wa abokin hamayya abin da bai faɗa ba domin a ji daɗin kayar da shi.

A majalisar dokokin Birtaniya, ƙa'ida ta hana ɗan majalisa ya kira ɗan uwansa maƙaryaci a zauren muhawara. A watan Yulin 2021 an fitar da 'yar majalisa Dawn Butler daga zauren bayan ta ce firayim minista Boris Johnson ya yi ƙarya, kuma ta ƙi janye maganar.

Kalmar da aka amince da ita ita ce "mislead", wato ɓatar da mutane, wanda ke iya faruwa da gangan ko bisa kuskure. A watan Yunin 2023, wani kwamitin majalisar ya ce Mista Johnson ya ɓatar da majalisa "deliberately", wato da gangan, game da shagulgulan da aka yi a ofishinsa lokacin kullen korona. Wannan kalma ɗaya ita ce nauyin rahoton. Mista Johnson ya yi watsi da shi, kuma ya riga ya ajiye kujerarsa kwanaki kaɗan kafin a wallafa shi.

Hukuncin kotu ma na buƙatar irin wannan lura. Idan aka ce an yi "strike out" na ƙara, an cire ta ne daga jerin shari'u, galibi saboda wata matsalar ƙa'ida, kuma sau da yawa ana iya sake shigar da ita. Idan aka ce "dismissed" bayan an saurari hujjoji, to an kore ta, sai dai ɗaukaka ƙara. Haka nan "not guilty" na nufin masu gabatar da ƙara sun kasa tabbatar da laifin da ma'aunin da doka ta gindaya.

Abin da ya biyo baya

A watan Satumban 2002, firayim ministan Birtaniya Tony Blair ya rubuta a gabatarwar kundin gwamnatinsa a kan makaman Iraƙi cewa ya yi imanin bayanan leƙen asiri sun tabbatar "beyond doubt", wato ba tare da wata shakka ba, cewa Saddam Husaini na ci gaba da ƙera makamai masu guba.

Kwamitin Lord Butler ya gano a 2004 cewa gargaɗin da jami'an leƙen asiri suka yi game da ƙarancin bayanan nasu bai fito yadda ya kamata a kundin da aka nuna wa jama'a ba. A watan Yulin 2016, bayan shekaru bakwai ana bincike, kwamitin Sir John Chilcot ya ce an gabatar da barazanar da wani irin tabbaci wanda bayanan ba su kai a yi shi ba.

Hausawa dai kan ce magana zarar bunu ce. Ga mai karanta jarida, ko ɗalibi mai rubuta kundi, ko mai fassara labari ga miliyoyin masu sauraro, tambayoyin da waɗannan kalmomi ke amsawa uku ne: wa ya faɗa, me ya kawo na shaida, kuma wane irin tabbaci yake da shi.